Hannun Milka Ya Daina Jin Wuta

A ƙauyukan da ke gefen Kagoma, in mace ta haihu aka ce wa zai yi wankan jego, ba a ƙarasa tambayar. Milka ce. Matar Kumai, gajeruwar nan mai kafaɗar ɗan dako, wadda in ta yi tari a majami'a sai Fasto ya dakata da wa'azi ya jira ta gama. Rabin masu yawo da gemu a Kafanchan yau, har da waɗanda ke wuce ta a babur ba gaisuwa, ta san kalar ɗuwawunsu tun ba a raɗa musu suna ba. Kuma ba ta bari su manta. Ta taɓa tsayar da wani babban mutum a bakin tasha, da babbar rigarsa da mutanensa, ta tambaye shi ko cibiyar nan tasa ta koma ciki.

A cikin citta aka haife ta, a cikin citta ta yi wayo. Mu danginta mun yarda cewa in aka yanka Milka ba jini zai fito ba, yaji ne. Da damina tana duƙe a gona, da rani tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno da wuƙa, tana tsaga citta gida biyu ana shanyawa a kan dutse. Makaranta ta je, ta ga allo, allo ya gan ta, suka rabu lafiya. Kumai ya aure ta ne, in ji shi, don ya ga yadda take ɗaukar buhu. Ita kuma ta ce ta aure shi ne don ba ya magana, gida ba ya ɗaukar baki biyu.

Wankan jego kuwa a wajen gwaggonta ta koya. Ga yadda take yi. Tun da sassafe a ɗora babbar tukunya, a zuba ganyen dogon yaro, a bari ya tafasa har ƙamshin ɗacinsa ya kori sauro daga unguwa. A juye a baho, a ɗan sirka. Sai ta tsoma tawul da hannunta tsirara, ta matse, ta danna a cikin mai jego, a baya, a ƙugu, a cinya, wai don mataccen jini ya fita, jiki ya koma mazauninsa. Bayan uwa sai jariri, shi nasa ruwan da sauƙi, amma shi ma sai ya ji a jikinsa: a miƙe masa hannu, a lanƙwasa ƙafa, a gyara kai, a cilla shi sama a cafe. Ma'auninta guda ne duk tsawon shekarun nan, wato hannunta. In ta tsoma ta ce ya yi, to ya yi. Ba a ɗaukaka ƙara.

Masu jego suna ihu, mana. Ai don su yi ihu ake yi. A wajenmu mai jegon da ta yi kuka a bayan gida, dariya ake mata har ranar miƙa yaro a majami'a. Matan gida sukan tsaya a bakin zana suna cewa, "Lokacin da kike cin daɗin ba ki kira mu ba!" Don haka ihun mai jego ba labari ba ne, kamar carar zakara yake. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Abu ɗaya ne ya daɗe yana cin Milka. Ta wanke 'ya'yan duniya, amma ba ta wanke na 'yarta ba. 'Ya'yanta maza sun auro daga nesa, kuma al'ada ta ce uwar mace ke zuwa jego, don haka surukai suka kwashe mata jikoki tana kallo. Mace ɗaya gare ta, Ƙauna, wadda ta auri Nelson mai gyaran janareta a Kafanchan, ta kuma zauna shekara da shekaru ba ko ɓari. Milka ta yi azumi, ta hau dutse ta yi addu'a, ta sa sunan Ƙauna a gaban Zumuntar Mata ta majami'a har matan suka haddace. Akwai wani sabon tawul mai ruwan ɗorawa da ta saya a kasuwar Kachia ta sa a ƙasan akwati. Duk wanda ya taɓa shi sai ya ji tarihin kakanninsa.

To, ana cikin wannan jira ne jikin ya fara yi mata wasa.

Ƙafa ce ta fara. Da yamma in ta miƙe a tabarma sai ta ji kamar tururuwa na taro a ƙarƙashin fatar tafin ƙafarta, wasu na hawa, wasu na sauka, wasu na cizo. Ta duba, ba komai. Ta shafa man zafi, ta shafa manja, ta sa Kumai ya taka mata. Daga baya tururuwar suka tashi taron, sai shiru. Shirun ya yi mata daɗi, ta ce Ubangiji ya ji addu'a. Wata Lahadi ta dawo daga sujada da silifas ƙafa ɗaya. Tun daga ƙofar majami'a har gida, kan tsakuwa, kan ƙaiƙayi, ba ta sani ba. Kumai ya dubi ƙafar ya dubi matarsa.

"Ɗayan kin sa a kwandon baikon majami'a ne?"

"Wane ɗaya?"

Ta duba ƙasa. Ta ce yaran mawaƙa ne suka sace mata, ta kuma yi musu Allah ya isa na mako guda.

Sai abin ya hau hannu. Nan ne kuma muka yi kuskuren da sai mu. A bikin Kirsimeti na Zumunta, tukunyar shinkafa ta nuna, ana neman tsumma, Milka ta sa hannu biyu ta sauke ta daga murhu kamar ta ɗauki ƙwaryar fanko. Mata suka yi guɗa. Aka ce baiwa ce. Aka ce shekarun ruwan zafi ne suka mai da hannun ƙarfe. Labari ya tafi, kafin ya kai Kagarko an ce da yatsa take juya ƙosai a cikin mai, kafin ya dawo an ce maƙera na aron hannunta in awartaki ya ɓace. Ita ma abin ya shige ta. Duk inda aka taru sai ta ɗauki garwashi ta kai wa mai neman wuta, tana tafiya a hankali don kowa ya gani.

Amma a gida ba haka ba ne. Allura ta gagare ta zarewa. Maɓallin rigar Zumunta sai Kumai ya sa mata. In ta sa hannu a jaka neman makulli, sai ta zazzage jakar duka ta nema da ido. Ga ƙishirwa, tana shan ruwa kamar gonar rani, tana zagayawa bayan gida kamar an aike ta. Ga gajiya, irin wadda barci ba ya biya. Takan tashi da safe ta zauna a bakin gado ta daɗe tana kallon bango, kamar ita da bangon suna shawarar wa zai fara motsawa.

Mutum ɗaya ce ta ƙi yin guɗa. Binta, mai sayen busasshiyar citta a kasuwar Kachia, wadda suka shekara talatin suna zagin juna a kan ma'auni suna kuma cin abinci a kwano ɗaya. Ran nan Milka na zaune a rumfar Binta tana gyara wasu 'yan saiwoyi da wuƙa, suna hira, sai Binta ta ƙura wa tarin cittar ido.

"Maman Ƙauna, yau kuma jar citta kika kawo mini?"

Jini ne, ya ɓata gefen tarin. Wuƙa ta shiga babban yatsa ta yi zurfi, Milka na ta ba da labarin yadda akuyar maƙwabci ta ci mata wake.

"Ba ki ji ba?"

"Ƙaramin abu ne."

"Ban tambaye ki girmansa ba. Na ce ba ki ji ba?" Binta ta yage bakin gyalenta ta ɗaure yatsan. "Wallahi ki je asibiti. Wannan ba jarumta ba ce. Ko jaki in an soke shi yana harbi."

"Citta ne," in ji Milka. "Yajin ya cinye fatan. Kowa ya sani."

"Ni ma citta nake taɓawa tun ina budurwa. Kawo wuƙar ki gwada ni ki ga ko ba za a ji ni a Kaduna ba."

Milka ta yi dariya, ta karɓi buhunta, ta ce za ta je. Ba ta je ba. Domin a makon nan ne Ƙauna ta bugo waya, tana magana ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron kada iska ta ji, ta ce, "Mama, an gwada. Akwai." Daga ranar Milka ta rufe maganar hannu da murfi. In ta je asibiti suka ce wani abu, wa zai yi wankan? Dinah?

Dinah ita ce uwar Nelson. Doguwa, siririya, tsohuwar mai share ofishin jirgin ƙasa, mai magana kamar tana tsoron kada kalma ta fashe. Ita ta yi jegon 'ya'yanta mata, kuma Milka ta taɓa ganin aikinta. Wai sai ta naɗe hannun riga, ta tsoma gwiwar hannu a baho, kamar mai gwada ko kogi zai ci ta. Milka ta shekara tana kwaikwayonta a gaban mutane. Ta ce ruwan Dinah ko shinkafa ba zai wanke ba, ta ce jikokin Dinah duk da dauɗar haihuwa suka shiga firamare.

Ƙauna ta haifi namiji a farkon kaka. Milka ta sauka a Kafanchan da buhun acca, da ƙullin citta, da kaza biyu, da tawul mai ruwan ɗorawa a ɗaure a ƙirji kamar takardar gado. Gidan hayar su Nelson yana bayan layin dogo, ɗakuna a jere, murhu a tsakar gida, matan haya kowace da idonta. Dinah ta riga ta zo, tana zaune a gefe da jaririn.

"Sannu da hanya, suruka."

"Yauwa, suruka. Kin huta yanzu. Mai aikin ya iso."

Da aka miƙa mata yaron ta karɓa, ta ga nauyinsa a idonta, ta ji shi a kafaɗa, amma a tafin hannu kamar ta riƙe shi ta cikin katifa. Ta ce a ranta gajiyar mota ce.

Washegari da sassafe tukunya ta tafasa. Milka ta juye a baho, ta zuba ruwan sanyi kofi ɗaya don kunya, ta tsoma hannu. Ba ta ji komai ba. Ta ƙara na zafi. Tururi ya tashi har ba a ganin ƙofar banɗaki.

Dinah ta matso. "Suruka, ruwan nan kamar..."

"Kamar me?" Milka ta nutsa hannu har wuyan hannu, ta bar shi a ciki, tana kallon Dinah ido cikin ido. "Ina zafin? Ku mutanen gari, shayi ma sai kun hura."

Matan haya suka kwashe da dariya. Dinah ta koma ta zauna.

Tawul na farko da ya sauka a cikin Ƙauna, ihun da ta yi, mun ji an ce tattabarun tashar jirgi sun tashi ba su dawo ba sai bayan bikin Ista. Matan haya suka taru a bakin ƙofa suna tafi.

"Yauwa Mama, danna mata!"

"Lokacin da kike cin daɗin ba ki kira mu ba!"

"Mama, da zafi! Mama, wallahi ba irin wannan ba!"

"Yi mini shiru," in ji Milka. "Na wanke matan da sun fi ki kuɗi. Yaran zamani, ruwa kaɗan sai kuka."

Nelson na tsaye a tsakar gida yana juya sifana a hannu. Ya ce, "Mama, abeg, don Allah a hankali," aka kore shi, aka ce maza ba su da baki a nan. Ƙauna kuwa ta ga ba mai ceto, ga kunyar uwa, ga dariyar maƙwabta, sai ta cusa bakin zane a baki ta cije. Shirun nan Milka ta ɗauka jiki ne ya karɓa. Ta ƙara dannawa.

Da aka gama, Ƙauna ta fito tana bin bango. Milka ko kallonta ba ta yi ba, hankalinta ya riga ya tafi inda ya shekara yana jira. Ta jawo ƙaramin baho sabo, ta ɗebo daga ragowar ruwan tukunya, ta sirka, ta tsoma hannu. Sanyi ƙalau, a jinta, ko kuma ba komai, ita ba ta iya rabe su kuma. Ta ƙara na zafi. Ta shimfiɗa tawul mai ruwan ɗorawa a cinya, ta tuɓe yaron, ta ɗaga shi sama tana masa kirari, ɗan Ƙauna, maigidana, mai tsadar zuwa. Ta fara sauke shi.

"Mama, ki ba ni shi."

Ƙauna ce. Yarinyar da tun tana ƙarama ba ta taɓa ɗaga wa uwarta murya ba. Ba ta ɗaga ba yanzu ma, amma kowa a gidan ya ji.

"Ke je ki kwanta."

"Ki ba ni shi, Mama."

Ƙauna ta kwance zanenta ta sauke shi ƙasan cibiya, a gaban matan haya da kowa. Cikin ya yi ja kamar naman da aka fiɗe, bororo sun taso jere-jere, wasu har sun fashe. Mai tafi ta daina tafi. Dinah ta tashi, ta naɗe hannun riga, ta tsoma gwiwar hannu a bahon jaririn, ta fizge da sauri tana cewa Yesu. Sannan ta karɓi yaron ta miƙa wa uwarsa, ta kamo hannayen Milka biyu ta juya su sama.

Fatar ta yi fari ta tattare kamar ƙafar kazar da aka tsoma don figa. A tsakanin yatsu bororo ne manya. Milka ta tsaya tana kallonsu kamar hannun wata aka ba ta ajiya.

"Suruka," in ji Dinah a hankali, "ke ma ya ƙone ki."

A bayan babur biyu aka kai su ƙaramin asibitin da ke kusa da majami'a. Nas ɗin da ke aiki Clara ce, 'yar ƙauyensu, ita ma ta bi ta bahon Milka. Ta fara da Ƙauna, ta wanke, ta shafa magani, ta rufe, ta ce Allah ya taimaka bai yi zurfi ba amma tabo zai zauna. Ta kuma ce daga yau ba ruwan zafi, ko wace kaka ce ta ce. Sannan ta juyo.

"Mama, zauna. Rufe ido."

"Ni na wanke ki, kina ba ni oda."

"Na sani, Mama. Kin gaya wa mijina ma ranar aure. Rufe ido."

Ta ɗauki auduga ta shafa a yatsa. "Kin ji?"

"Ki fara mana."

Ta ɗauki tsinke ta taɓa tafin hannu, bayan hannu, wuyan hannu. Milka na zaune ido rufe tana jiran a fara. Sai da tsinken ya wuce rabin hanya zuwa gwiwar hannu ta ce, "Kai! Wa ya tsikare ni?" Clara ta ɗauki biro ta zana zobe a wurin. Ta yi haka a ɗaya hannun, ta yi a ƙafafu, inda zoben ya kusa kai gwiwa. Da Milka ta buɗe ido sai ta ga an sa mata safar hannu da safar ƙafa da tawada.

"Daga nan zuwa ƙasa," in ji Clara, "ba mai kawo miki labari."

"Citta ne ya cinye fatan."

"Fatarki lafiyarta ƙalau, in ban da kin dafa ta. Mama, kin sha riƙe ƙafar akuya ana fiɗa. Kin san farin tantanin nan da ke tsakanin fata da nama, mai kitse-kitse, wanda in an ja fata yake bin ta?"

"Wanda ake ba kare."

"Shi. Mu ma muna da shi. A cikinsa jijiyoyi suke bi, sirara, sun fi zaren ɗinki siranta, sun yi rassa kamar saiwar ciyawa sun hau cikin fata. Su ne 'yan aike. Wuta ta taɓa ki, su ruga su gaya wa kai. Ƙaya ta soke ki, su ruga. Naki na nesa sun gaji sun kwanta. Waɗanda suka fi doguwar hanya su ke fara mutuwa, shi ya sa ƙafa ta riga hannu."

"Me ya kashe su?"

"Ina zargin wani abu. Kawo yatsa in ɗiga jini."

Milka ta miƙa, ta kau da kai, ta ɗaure fuska tana jiran allura. Ta jira. "To ki soka mana, ina da aiki."

"Na soka tun ɗazu, Mama."

Na'urar ta nuna abin da ta nuna. Ciwon suga ne, kuma ba na jiya ba. Clara ta ce ya shekara yana lasar jijiyoyin nan a ɓoye, ƙishirwar da gajiyar duk nasa ne. Ta ce za ta tura ta wajen likita a babban asibiti, akwai magani, akwai abincin da za a rage, akwai duba ƙafa kullum da ido tunda ita ba za ta kawo ƙara da kanta ba. Milka ta ce ita ko shayi ba ta sa wa suga, wannan ciwon masu mota ne. Clara ta ce ciwon ba ya duba gareji.

"Zai dawo?"

Clara ta ci gaba da naɗa bandeji. "Abin da ya rage za mu tsare. Wanda ya tafi, kada in yi miki ƙarya."

Milka ta dubi zoben biro. Ta lanƙwasa hannu ta dubi gwiwar, wadda ke sama da zoben, lafiyayya. Wani ɗan haske ya shigo mata.

"To ai nan yana ji. In tsoma nan, kamar yadda... kamar yadda wasu ke yi."

"Zafin ruwa za ki sani," in ji Clara. "Amma jariri da sabulu a jiki, in ya fara zamewa, wa zai gaya miki?"

Milka ta sauke hannun. A ranta ta ce yarinyar nan tun a baho take da baki.

Kwanakin da hannun ke naɗe, Dinah ce ke goge yaron da tsumma mai ɗumi, Milka na ɗaki tana kallon silin. Ba wanda ya yi mata faɗa, abin da ya fi ci mata rai ke nan. Ƙauna na kawo mata faten acca tana tafiya a tattale, tana cewa, "Mama, ki ci," kamar ba abin da ya faru. Matan haya in sun gan ta sai su gaishe ta da ladabi mai yawa, irin wanda ake yi wa mai takaba. Kumai ya zo daga ƙauye ya zauna a bakin gado ya ce, "Dama na yi mamaki. Tun bara in kin mare ni ba kya yarfe hannu." Ta ce ya tashi ya ba ta wuri. Bai tashi ba.

Da aka kwance bandeji, wata rana da hantsi mutanen gida sun fita, ta ga gwandar Dinah a kan taga, mai tsayi, daidai girman yaron. Ta ɗauka ta zaga bayan gida. Ta zuba ruwa a ƙaramin baho, ta waiga hagu da dama, ta naɗe hannun riga ta tsoma gwiwar hannu. Ɗumi. Rabon da ruwa ya yi mata magana har ta manta. Ta zauna, ta shafe gwandar da sabulu, ta tallafe ta a hannun hagu yadda ta tallafi rabin Kagoma, ta fara cuɗawa. Daidai. Ta juya ta. Daidai. Hannu bai manta aiki ba. Sai wata kaza ta yi kuka a kan katanga, ta ɗaga ido ta kalla, ɗagawa ɗaya.

Ƙarar ce ta gaya mata. Gwandar na ƙasa a kan siminti, ta rabe biyu, 'ya'yanta baƙaƙe sun watsu har bakin magudana. Hannayenta kuwa suna nan a sama yadda suke, a tallafe, suna riƙe da iska.

Ta daɗe a zaune. Kazar ta sauko ta fara tsattsagar gwandar, ba ta kore ta ba.

Da yamma da lokacin wanka ya yi, Milka ta fito da tawul mai ruwan ɗorawa a kafaɗa. Ƙauna ta ƙara rungume yaron. Milka ta wuce ta, ta tsaya a gaban Dinah, ta sauke tawul ɗin ta ajiye mata a cinya.

"Gwandarki ya faɗi," ta ce. "Kuma goge-gogen nan ya isa. A yi wa yaro wanka na gaskiya."

Dinah ta dubi tawul, ta dubi Milka. "Ban iya miƙe hannu da gyaran kai ba, suruka."

"Na sani. Duk duniya an sani. Kawo kujera."

Haka aka yi jegon ɗan Ƙauna. Dinah a bakin baho da gwiwar hannunta, Milka a kujera 'yar tsugunno, hannaye a cinya kamar baƙi, baki kuwa lafiya lau. Riƙe wuyan. Ba haka ba. Bayan kunne, suruka, ko a ofishin jirgi ba a share lungu? Lanƙwasa ƙafar, ba zai karye ba. Maganar cillawa sama ce kawai Dinah ta ce ko za a kashe ta ba za ta yi ba, Milka ta ce shi ke nan, yaro zai girma yana tsoron bene.

Da aka tsane shi aka shafa masa mai, Ƙauna ta karɓe shi ta zo ta tsuguna da ƙyar a gaban uwarta. Milka ta miƙo hannu, sai ta mayar. Ƙauna ba ta sa shi a hannun ba. Ta ɗora shi a ƙirjin tsohuwar, kansa a ƙarƙashin haɓarta, ta bar nata hannun a bayansa. A wuya akwai sauran 'yan aike. Suka ruga suka kai labari: ɗumi, laushi, ɗan numfashi mai sauri, gashi mai danshi.

Milka ta rufe ido. Dinah ta zubar da ruwa ta kife baho.

"Ruwan ya yi sanyi," in ji Milka, ba ta buɗe idon ba.

"Gobe sai ki tsoma gwiwa ki gaya mini," in ji Dinah.

Yanzu ta koma ƙauye. Wuƙar citta Kumai ya ɓoye, garwashi kuma an hana a roƙe ta. Kullum da yamma yakan ɗaga ƙafarta ya duba tsakanin yatsu kamar mai sayen akuya, tana zaginsa. In an haihu har yanzu ana aikowa, sai ta tafi a hankali, da takalmi mai igiya don kada ya gudu, ta zauna a gefen baho ta naɗe hannun riga. Ranar da wata yarinya ta yi dariya ta ce, "Kaka, wannan ba salon Maman Nelson ba ne?" Milka ta ce ita ta koya wa Dinah tun kafin a haifi uwar yarinyar. Ta tsoma gwiwar, ta jira labari ya iso, ta ce a ƙara na sanyi.